Awon Bakin Mahaifa: Me A Ke Tsoro?

'Yan'uwana ɗalibai, kun sani malamin makaranta a ƙauye ba karatun yara kaɗai a ke nema wurinsa ba. Shi ke karanta wa mutane takardar asibiti, shi a ke tambaya in an ji masu allura sun shigo gari. Saboda haka ya kamata kafin mu bar kwaleji mu san wani abu game da awon bakin mahaifa, gama a wajenmu, daga Kasuwan Magani da Kajuru har Kachia da Kafanchan, mata da yawa sun ji labarinsa, amma tsoro ya hana su zuwa.

Abin da mace ta kan ce shi ne, "Ina zamana lafiya, don me zan je in tono wa kaina ciwo?" To, a nan kuskuren ya ke. Ciwon dajin bakin mahaifa ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Wata ƙwayar cuta ce, wadda likitoci ke kira HPV, ta kan shiga wurin kwanan miji da mata. Yawanci jiki ya kan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma wurin waɗansu sai ta zauna, tana sāke fatar bakin mahaifa kaɗan kaɗan, ba zafi, ba jini, har shekara 15 ko 20 kafin abin ya zama daji. Kamar gara ce cikin azara. Maigidan da ya ƙwanƙwasa azararsa da rani ba shi ya kawo garar ba, ya dai gane ta tun soro bai rufta ba. Watau awon nan ba ajali ya ke nema ba, tabon da bai zama ciwo ba tukuna ya ke nema.

Wani likita mutumin Girka mai aiki a Amurka, Papanikolau, shi ya nuna a 1928 cewa in an shafo bakin mahaifa aka duba a madubin likita, a kan iya ganin ɓarna tun da wuri. Da fari ba a kula shi ba, sai bayan littafinsa na 1943. Wanda ya kama ƙwayar kuwa Bajamushe ne, Harald zur Hausen, kada sunan ya ruɗe ku, ba Bahaushe ba ne. A 1983 da 1984 shi da mataimakansa suka gano iri biyu, lamba 16 da 18, masu jawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. A Nijeriya an ƙiyasta a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu, wajen 8,000 suka mutu. In ban da na nono, ba ciwon dajin da ya fi shi kama matanmu.

Yanzu bari mu shiga ɗakin awo, don ni a ganina rabin tsoron rashin sanin abin da ke bayan labule ne. Mace za ta kwanta rigingine, ta tanƙwashe gwiwoyi, a lulluɓe ta da zane. Nas ta sa wani abu na ƙarfe ko na roba mai kama da bakin agwagwa a gabanta, ta buɗe shi kaɗan don ta hangi bakin mahaifa da fitila. Sa'an nan ta ɗauki auduga a kan tsinke, ta tsoma cikin ruwan tsami irin binega, ta shafa. A jira minti ɗaya. In akwai tabo, wurin ya kan yi fari. Shi ke nan. A manyan asibitoci a kan shafo wurin da ɗan buroshi a aika ɗakin bincike, a ba ta ranar komowa. Duka-duka bai cika wuce minti 10 ba.

Da zafi? Kada mu yi wa iyayenmu ƙarya. Akwai sanyin ƙarfe, akwai ɗan matsi, wata kuma ta ji raɗaɗi kaɗan ko ta ga ɗigon jini daga baya. Wadda ta ƙanƙame jikinta ta fi jin jiki, saboda haka ta saki ƙafafu, ta riƙa jan numfashi a hankali. In ya yi mata yawa ta ce a dakata, ko a sāke ƙaramin bakin agwagwa, gama ba girma ɗaya su ke ba. Ba a yanka, ba a cire kome, ba ya hana haihuwa. Zancen kunya kuwa, tana iya roƙon mace ta duba ta, ta kuma tafi da yayarta ko ƙawarta. Ta zaɓi ranar da ba ta al'ada, kada kuma ta cusa sabulu ko wani haɗin kasuwa kwana biyu kafin ta je.

In an ga fari, ba a ce daji ba ne. Sau da yawa a ranar ma a ke gama da shi, a ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi a kan tabon, ko a daskare shi da iska mai sanyi ƙwarai. Bayan haka ruwa zai riƙa zubo mata 'yan makonni, ta nisanci miji har mako 4, ta komo bayan shekara. Wadda abin nata ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a kan tura ta babba, kamar na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Ga magana kuma gare ku, malamai maza, gama da yawa tsoron maigida ya fi na nas. Samun ƙwayar nan ba shaidar lalata ba ce. Kusan duk wanda ya san shimfiɗar aure, namiji ko mace, ya kan gamu da ita wata rana, tana kuma iya ɓoyewa shekaru ba alama. Ba mai iya faɗin ranar da ta shiga, ko ta hannun wa. Mijin da ya tuhumi matarsa a kan wannan ya zalunce ta, ya kuma sa kishiyarta da maƙwabta sun ƙi zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo daga shekara 30. In na ruwan tsami ne, a sāke bayan shekara 3. In na neman ƙwayar ne, bayan 5 zuwa 10. Mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta fara tun tana 25, gama haɗarinta ya ninka shida. 'Yan matan ajinmu kuwa, nasu rigakafi ne. An fara shi a Nijeriya ran 24 ga Oktoba 2023, ya iso Jihar Kaduna a watan Mayu 2024: allura ɗaya, kyauta, ga masu shekara 9 zuwa 14. Za ku ji ana cewa tana hana haihuwa. Ku amsa da hankali cewa tun 2006 a ke yin ta a duniya, waɗanda aka yi wa suna ta haihuwa.

Ba kowane ɗakin shan magani ke yin awon ba. Wadda ta zo cin kasuwa ran Alhamis ta ratsa ta tambayi nas inda a ke yi da ranar da a ke yi. Amma wadda ke ganin jini bayan kwana da miji, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke mata da tsufa, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi, wannan kada ta jira ranar awo, kada ta tsaya wurin mai jiƙo. Ta nemi mota zuwa babban asibiti cikin makon nan.