Darasi: Yadda ake kiyaye dogon gashi daga karyewa

A Guna da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin yankin Miriya, mata da yawa suna kuka da abu ɗaya in hunturu ya shigo. Ana tsifa, gashi yana zuba guntu-guntu a kan zane. Wasu suna cewa kambun baka ne. Ba haka ba ne. Abin yana da dalili, kuma ana iya tare shi a gida.

Yaya gashi yake tsiro?

Gashi yana fitowa daga saiwarsa cikin fatar kai. A wata ɗaya yana ƙaruwa da kusan santimita 1. Ke nan, gashin da ya kai santimita 20, bakinsa ya yi wajen shekara 2 yana shan rana da ƙura. Silin da ya fito waje ba shi da rai. Fata in ta ji ciwo tana warkewa, amma gashi in ya tsage ba ya haɗewa. Shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Zubewa daban, karyewa daban

Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Silin da ya faɗo da ɗan farin ɗigo a gindinsa, tsufa ya yi, wani zai maye gurbinsa. Gajeren guntu marar ɗigo kuwa, karyewa ya yi.

Abubuwa 4 masu karya gashi

1. Bushewa. Iskar hunturu da sabulun wankin tufafi suna shanye maiƙon gashi. Sai ya zama kamar busasshen kara.
2. Kitso mai tsauri. Yana jan saiwa, musamman a gaban goshi da gefen kunne. In aka daɗe ana yin haka, saiwar tana mutuwa, gashin wurin ba zai sake fitowa ba har abada.
3. Taza da ƙarfi. Mataji mai ƙananan haƙora yana tsinka busasshen gashi.
4. Man miƙar da gashi na kasuwa. Yana da kaifi, yana raunana gashi, yana ƙona fata.

Abin da ya kamata a yi

Kafin tsifa, a yayyafa ruwa kaɗan, a shafa man kaɗanya ko man gyaɗa. A warware da yatsu tukuna. A fara taza daga bakin gashi, a gangaro zuwa gindi sannu a hankali. A wanke kai da sabulu marar kaifi, a ɗauraye sosai. Lokacin sussuka da shiƙa a ɗaura kallabi. Mai ɗaukar ruwa ta yi gammo da tsumma mai laushi.

In yarinya ta kasa barci don zafin kitso, ko ƙuraje suka fito a gindinsa, kitson ya yi tsauri. A kwance shi, ko da na sallah ne. Adon kwana 3 bai kai gashin goshi ba.

Gashi yana cin abinci daga jini. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, nama da zogale suna ƙarfafa shi.

Yaushe za a je likita?

Mai jego takan zubar da gashi wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Wannan ba ciwo ba ne, yana komowa. Amma in gashin yaro ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa, alamar tamowa ce. In ya gwaigwaye wuri-wuri da ƙaiƙayi, mai yiwuwa makero ne, kuma ana ɗaukarsa ta mataji. Waɗannan biyu a kai su likita ba da jinkiri ba.

Tambayoyi

1. Santimita nawa gashi yake ƙaruwa a wata?
2. Daga ina ake fara taza?
3. Wace illa kitso mai tsauri yake yi wa ƴan mata?