Kafin Ka Karɓi Makullin Gidan Wani: Shawarwari Tara Ga Mai Zaman Riƙon Gida A Minna

Duk shekara idan alhazai suka fara tashi, ko aka yi dogon hutu iyalai suka tafi ganin gida, gidaje da yawa a Tunga, Bosso, Dutsen Kura da Maitumbi kan rasa mai kwana a ciki. Ga tumaki a turke, ga kaji a akurki, wani gidan har da kare ko tankin tarwaɗa. Minna kuma ba ta rabuwa da masu neman makwanci na ɗan lokaci: ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, masu hidimar ƙasa da suka fito daga sansanin Paiko ba su kama ɗaki ba, da waɗanda aiki ya kawo garin na wata ɗaya ko biyu.

A Turai an mai da wannan haɗi tsari. Kamfanin TrustedHousesitters da aka kafa a Ingila a 2010 yana haɗa mai gida da matafiyi, wannan ya samu masauki, wancan ya samu mai kula masa da dabbobi, ba wanda ke biyan wani. A nan sanayya ce ke yin wannan aiki, kuma yawancin ɓacin ran da ke biyo baya daga kunya yake tasowa: mai gida ya ji nauyin gindaya sharaɗi, mai riƙo ya ji nauyin tambaya. Ga abin da ya kamata mai son farawa ya kiyaye.

1. Fara da inda aka san asalinka. Ba mai miƙa wa baƙon ido makullinsa. Gidan kawu ko gwaggo, gidan malaminka, ko na wanda kuke sallah a masallaci ɗaya, nan ne mafari. Karɓi na kwana uku ko mako guda tukuna kafin ka yi sha'awar na aikin Hajji, wanda kan ci wata guda har da ɗoriya. In ka riƙe gida biyu lafiya, masu gidajen ne za su yi maka talla. In ba a san ka sosai ba, kawo dattijon da zai tsaya maka, ka kuma ba da kwafin katin shaidarka tun ba a tambaya ba.

2. A yi magana a fili, a kuma rubuta. Ku zauna da mai gida da takarda da biro. Yaushe za a tafi, yaushe za a dawo? Akwai sallama ta kuɗi ko masaukin ne ladan? Wa zai sayi katin wuta, dusa da man janareta? Ƙwan da kaji suka saka na wa ne? Kana iya ɗiba daga buhun shinkafar da ke sito? Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Alhaji, ina so a faɗa mini iyakata don kada in wuce gona da iri.” Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin cewa mai riƙon ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yarje masa. To, ba a gane wanda ya ƙetare iyaka sai an shata ta tun farko.

3. Tare a gidan tun masu shi ba su tafi ba. Kwana biyu sun isa ka ga yadda gidan ke tafiya: ƙofar da sai an ɗaga ta take kulluwa, famfon da ke ɗiga, akuyar da ta iya kwance igiya da haƙori. Ku ƙirga dabbobin tare, ka ɗauki hoton kowace da waya, da na mita da na kayan falo. Tambayi Hajiya ko yaran gida, domin sau da yawa su suka san dabbobin fiye da maigidan: wace tunkiya ce ke da ciki, wace kaza ce ke kwanci a bayan tukwane.

4. Kada ka sauya wa dabba cima. Abin da aka saba ba ta, shi za ka ba ta, a lokacin da aka saba, da mudun da aka saba. Ragon da ya saba da harawa da ɗan dusa, in ka tausaya masa ka juye masa kwanon masara ko ragowar tuwo mai yawa, cikinsa na iya kumbura kafin gari ya waye. Haka ɗanyar ciyawar farkon damina in aka ba shi da yawa lokaci ɗaya. Ɓawon doya, wanda ba ya wuya a Minna, a shanya shi kafin a ba su, a zubar da wanda ya yi fumfuna. Share tsakar gida kullum saboda leda: akuya na haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna ke kai maƙura, a sauya ruwan sha safe da yamma, a ajiye shi a inuwa.

5. Ku yanke shawarar ciwo da yanka tun kafin tafiya. Wannan ce maganar da aka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi jawo zargi. Ka fito da asuba ka tarar da rago kwance, ya miƙe wuya, numfashi sama-sama, mai shi kuma yana Mina wurin aikin Hajji wayarsa ba ta shiga. Ka yanka, ko ka bari ya zama mushe? Nemi izini bayyananne tun yau, da sunan wanda za ka kira ya zama shaida, da yadda za a yi da naman. Karɓi lambar likitan dabbobin da gidan ke hulɗa da shi, da kuɗin ko-ta-kwana. Dabbar da ta daina tuƙa, ko take zawo da majina, a ware ta nan take. Kaji kuwa lokacin hunturu annoba ta fi kama su, saboda haka kada ka shigo da sabuwar kaza daga kasuwa ka haɗa da na gida. Dabbar da aka yi wa allura kwanan nan, ko ba a san ciwonta ba, sai likita ya ce a ci namanta.

6. Kare da kyanwa na da nasu hukunci. Tambayi ko an yi wa kare rigakafin haukan kare, a nuna maka katin. Mai shi ya gabatar da kai gare shi, ka ba shi abinci da hannunka yana tsaye. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kyanwa kuma a duba ɗaki da sito kafin a kulle, kada a rufe ta ciki ba ci ba sha.

7. San ruwanka da wutarka. Jihar Neja ce ke da tashoshin lantarki na Shiroro da Kainji, amma duk mazaunin Minna ya san hakan bai hana ɗauke wuta ba. Duba abin da ya rage a mita, ka ji abin da za a yi da naman firiza in wuta ta kwana biyu ba ta dawo ba. Janareta a waje ake tayar da shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa cikin barci. Rufe tukunyar gas bayan girki. Ka san ranakun da ruwan famfo ke zuwa unguwar, ka cika tanki, ka riƙe lambar ɗan garuwan da gidan ya saba da shi. Da damina, musamman Agusta da Satumba, yashe magudana kafin hadari ya haɗu, cire filogin talabijin, leƙa ɗakunan da aka bar maka don ɗigar rufi, ka kuma sare ciyawar bayan gida saboda macizai.

8. Maƙwabta su san ka, duniya kada ta sani. Mai gida ya kai ka wurin maƙwabcin dama da na hagu, da mai unguwa, da 'yan sintirin layin. Wanda aka gani yana buɗe gidan Alhaji da dare ba a san shi ba, yana iya shan duka kafin ya gama bayani. Amma kada ka sa hoton falon mutane a Facebook ko WhatsApp, kada kuma ka yi ta ba da labari a majalisa cewa masu gida sun yi tafiya. Wanda ya zo da cewa an aiko shi ɗaukar babur ko buhun masara, ko da ɗan'uwan maigida ne, ka ce masa, “Yi haƙuri Yaya, bari in ji daga bakinsa.”

9. Tsaya inda aka ajiye ka, ka fita da hannu mai tsabta. Ɗakin da aka ba ka shi ne naka. Ba gayyato abokai kallon ƙwallo, ba hawa motar gida, ba kwana a waje sai da sanin mai shi. Aika saƙo gajere duk bayan kwana biyu ko uku, da hoton dabbobi. Wanda ke ibada ko jinya ba ya bukatar kira goma a yini. In wani abu ya fashe ko ya mutu, faɗa a ranar, kada ka bari a dawo a gano. Riƙe ɗan littafi na duk abin da ka kashe. Ranar dawowa ka share gida, ka cika randa, ku sake ƙirga dabbobi, ka miƙa canji da makulli hannu da hannu a gaban wanda ya tsaya maka. In an yi maka alheri ka karɓa da godiya, sannan ka roƙi izinin ambaton sunan maigidan idan wani gida ya nemi shaida a kanka.