Mu Duba Kafin Mu Goge

'Yan'uwa ɗalibai, a kulob ɗinmu mun mai da wata tsohuwar kwamfuta saba, wato ma'ajiyar da sauran kwamfutoci ke ɗaukar fayil a cikinta. Mun sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux. Babu linzami, baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta umarni ta bi.

Ga umarni huɗu da ya kamata mu haddace:

pwd: yana nuna foldar da kake ciki.
ls: yana jero abin da ke cikinta.
cp: yana kwafar fayil.
rm: yana goge fayil.

Na ƙarshen nan ne mai haɗari, domin ba ya tambaya, kuma abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara. Wata rana mun buga rm * muna zaton foldar gwaji muke ciki, ashe ta labaranmu ce. Aikin zango guda ya salwanta.

Tun daga ranar, sai mun buga pwd da ls kafin rm. Muna kuma rubuta rm -i, don ta nemi izininmu a kan kowane fayil. Kowace Juma'a kuwa, muna kwafe komai a filashi.