Gane Ƙofofin Famfon Mai a Injin Tsohon Babur

Yawancin baburan da ke yawo a titunan Kano da Maraɗi a yau, irin su Bajaj Boxer, baƙin mansu yana zaune ne a ƙasan injin. A kwance noti guda, tsohon mai ya tsiyaye, a zuba sabo, shi ke nan. Manyan baburan Ingila na da kuwa ba haka aka ƙera su ba. A Triumph Bonneville, wanda masana'antar Meriden ta fara fitarwa a 1959, ana ajiye man ne a wani tanki dabam a ƙarƙashin sirdi, sai bututu biyu su haɗa tankin da injin. Ɗaya yana kai mai, ɗaya yana komo da shi. Girmansu kusan ɗaya ne, kuma gab da juna suke shiga injin. Duk bakaniken da ya sauya musu wuri wajen ɗaurawa, cikin 'yan mintoci injin zai buga.

Ɗalibin da ya karanta zagayawar jini ya riga ya san rabin darasin. Zuciya famfo biyu ce a jiki guda: ɓangaren dama yana tura jini huhu, na hagu yana tura shi sauran jiki. Famfon man Triumph ma haka yake. Wani ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, yana ɓoye a bayan murfin taimin, a hannun dama na injin. A cikinsa akwai 'yan fistin guda biyu da ke hawa da sauka a ramukansu. Abin da ke motsa su wani ɗan turke ne a kan notin kamshaf na shigar da iska, wanda aka dasa a gefe ba a tsakiya ba, don haka duk juyin da kamshaf ya yi sai su hau su sauka sau ɗaya. A gindin kowane rami akwai ƙwallon ƙarfe da sifirin ke tokare shi. Shi ne bawul, aikinsa ya bar mai ya wuce gaba, ya hana shi komawa baya.

Ƙaramin fistin shi ne mai kaiwa. Mai yana gangaro masa daga gindin tanki, shi kuma ya tura shi ta wata hanya da aka huda cikin murfin taimin zuwa bakin karanshaf. Daga nan man ya bi ta cikin karanshaf ɗin, ya fito a inda sandunan fistin ke juyawa a kansa, wurin da ya fi ko'ina ɗaukar nauyi a injin. Littafin gyara na kamfanin ya nuna cewa ƙarfin turin man yakan kai fam 65 zuwa 80 a kan kowane murabba'in inci idan babur yana tafiya, ya sauko 20 zuwa 25 idan yana tsaye a kunne. In ƙarfin ya wuce kima, akwai wani bawul da ke buɗewa ya sauke rarar. Man da ya gama aiki sai ya zubo ƙasan injin, ya ratsa rariya, babban fistin ya zuƙe shi ya mayar tanki.

A nan ne kamar da ke tsakanin injin da jiki ta tsaya. Ɓangarori biyu na zuciya dole su tura jini daidai wa daida. In na hagu ya gaza, ruwa ya taru a huhu. Masu ƙera injin kuwa da gangan suka sa mai komowa ya fi mai kaiwa girma, domin kada mai ya taru a ƙasa karanshaf ya riƙa iyo a ciki, babur ya kama hayaƙi. Tun da yana zuƙar fiye da abin da ake zubo masa, yakan haɗa da iska. Wannan ne ya sa man da ke komowa tanki yake fitowa tsit-tsit, da kumfa, ba a jere ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka famfon ne ya lalace, alhali alamar lafiya ce.

Tankin shi ya fi sauƙin karantawa. Ƙofar kaiwa tana fita ne daga gindinsa, ta cikin wani babban noti mai ɗauke da rariya. Bututun komowa kuwa yana hawa ta cikin tankin har kusa da murfi, ya ƙare da 'yar huda a saman mai, inda ido zai gan ta in an buɗe murfin. Daga jikin wannan bututu na komowa ne wani siririn bututu ke rabewa ya hau kan injin, ya shayar da rokoki, wato 'yan ƙarafan da ke danna bawul-bawul na silinda. Akwai kuma tiyon shan iska a saman tankin, wanda ba hanyar mai ba ce ko kaɗan.

Wahalar tana wajen injin, inda ƙofofin biyu ba su da wata alama a jikinsu. Kanikawa da yawa sukan haddace cewa ta gaba ce kaza, ta baya ce kaza. Wannan hadda ba abin dogaro ba ce, domin tsarin ya bambanta tsakanin Triumph da BSA da Norton, kuma injin da ya haura shekara 60 ya ratsa hannaye da dama, kowa da irin daburar da ya yi masa. A 1628 likitan Ingila William Harvey ya nuna inda jini ke dosa ta hanyar ɗaure dantse da danna jijiya da yatsa, bai tsaya ga abin da magabata suka rubuta ba. Irin wannan gwaji ne ya dace a nan.

Da farko a cire bututun biyu daga injin, a kwance filogi domin injin ya juya ba wuya. A zuba mai kamar kofi guda a cikin ƙasan injin, sa'an nan a yi ta buga kik. Sai an yi haƙuri, domin abin da famfon ke turowa a kowane juyi kaɗan ne. Ƙofar da ta fara tofo mai ita ce ta komowa. Ɗayar kuwa, in aka sa mata tiyo mai garai-garai aka cika shi da mai aka ɗaga sama, za a ga man yana raguwa da kowane kik, wato famfon yana sha. Nan take a sa wa kowace alama da fenti ko zare.

In an riga an cire famfon, za a tarar da huda huɗu a fuskar da yake zama, ban da ramukan kusoshi biyu da ke riƙe shi: kowane fistin yana da mashiga da mafita. A tsirta mai da butar mai a kowace huda, a duba inda ya ɓullo. Biyu za su fito a ƙofofin waje, ɗaya a ƙasan inji wajen rariya, ɗaya ta nufi murfin taimin. A kuma ɗora gaskit a tabbata bai rufe ko gefen wata huda ba. Malamin da ke son nuna wannan a aji zai iya kwaikwayonsa da sirinji biyu, babba da ƙarami, da tiyon ƙarin ruwa da kofi biyu.

Abin da ke faruwa in an sauya bututun ba shi da wuyar hasashe. Ƙaramin fistin zai riƙa zuƙa ta bututun da bakinsa ke sama da mai, iska kawai zai samu. Ƙarfe ya goga ƙarfe, zafi ya narkar da lallausan ƙarfen da ke shimfiɗe tsakanin karanshaf da sandar fistin.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani ko da an ɗaura komai daidai. Babur in ya daɗe a ajiye, mai yakan silale ta cikin famfo ya taru a ƙasan inji, musamman a Norton da BSA da famfonsu na haƙoran giya ne. Da an tayar da shi, mai komowa zai kwashe wannan tarin ya mayar tanki, mai kallo ya ga mai yana zuba ya saki jiki, ko da mai kaiwa bai tura ko ɗigo ba. Saboda haka ganin minti na farko bai isa shaida ba. Sai man ya ci gaba da fitowa bayan tarin ya ƙare, ko kuma a ɗaura ma'aunin ƙarfin turi a ga allurarsa ta tashi. Wasu sukan sa makulli a bututun kaiwa don hana wannan silalewa, amma ranar da mai babur ya manta bai buɗe ba, sakamakon ɗaya ne da na sauya bututu.