Darasi na Goma Sha Ɗaya: Dillalin Adabi da Tallar Ƙagaggen Labarin Tarihi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya ga dillali. Shi ne mutumin da ba shi da ko saniya ɗaya, amma da wuya a ƙulla ciniki ba da shi ba. Ya san mai kaya, ya san mai saye, ya kuma san abin da kasuwa take so a ranar. Idan ciniki ya faɗa, sai a ba shi la'adarsa. Idan bai faɗa ba, ya koma gida hannu rabbana.

A Landan da Niyok akwai irin wannan mutum a harkar littattafai. Marubuci yakan miƙa masa rubutunsa, shi kuma ya nema masa kamfanin ɗab'i, ya yi ciniki a madadinsa, ya duba sharuɗɗan yarjejeniya. La'adarsa yawanci kashi 15 cikin 100 ce na abin da marubuci ya samu, takan kai kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa. Dillalin ƙwarai ba ya karɓar ko kwabo kafin a sayar da littafin. Sana'ar ta daɗe, domin tun wajen shekarar 1875 A. P. Watt ya fara ta a Landan. A wannan darasi za mu kira shi dillalin adabi, ko da yake wasu sun fi son su ce wakilin marubuci, saboda a kunnen Bahaushe kalmar dillali tana ɗauke da ɗan zargi.

Ɗalibai sukan tambaye ni ko marubutan Hausa suna da irin waɗannan dillalai. Amsa ita ce, sana'ar ba ta kafu a ƙasar Hausa ba. Amma aikin da dillalin yake yi, wato tsayawa tsakanin mai rubutu da mai ɗab'i, a zaɓi wannan a bar wancan, bai taɓa rasa mai yin sa ba. Kuma abin sha'awa, ƙagaggen labarin tarihi yana cikin kayan farko da aka kai wannan kasuwa.

A shekarar 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta. Bai sami abin da sauƙi ba, domin a wurin malaman wancan zamani alƙalami na ilmin addini ne da waƙa da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi, wanda yake ɗauke da sunan John Tafida da na East kansa. Wannan suna na biyu a bangon Jiki Magayi ya isa ya nuna mana cewa East ba alƙalin gasa kaɗai ba ne. Shi ne mai nema, shi ne mai gyara, shi ne kuma mai buga littafin. Shi ya jawo Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, daga baya kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939.

Biyu daga cikin biyar ɗin sun jingina da tarihi. Bari mu gwada wani abu da su, wanda shi ne zuciyar darasinmu. A ce kai ne marubucin, an ba ka jimloli uku kacal ka faɗa wa mai ɗab'i abin da littafinka ya ƙunsa. Ga yadda ni zan tallata Shaihu Umar:

A ƙarshen ƙarni na 19, an sace wani yaro ɗan Kagara, daga bisani ya faɗa hannun wani Balarabe wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya rene shi, ya ba shi ilmi. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita a hanya. Shekaru bayan haka, yaron ya zama babban malami, yana ba almajiransa labarin yadda suka sake haɗuwa da ita da abin da haɗuwar ta ci.

A lura da abin da ke cikin jimlolin nan. Akwai zamani, akwai wuri, akwai mutum guda da za a bi, akwai kuma abin da za a rasa. Ba a ambaci kalmar jigo ba, ba a ce littafin yana nazarin cinikin bayi ba, amma mai karatu ya riga ya gane haka. Ba mamaki da wannan littafi ya fi 'yan'uwansa tafiya mai nisa: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Gaskiya ne cewa sunan marubucin, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, ya taimaka. Amma labarin da ake iya faɗa cikin numfashi uku ya fi saurin samun mai ɗauka.

Ganɗoki ya fi wuyar talla. Ya fara da ƙafafunsa a ƙasa, cikin yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a yankin Kwantagora da Bida a farkon ƙarni na 20, kuma Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ɗan wannan yanki ne, ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Sai dai da tauraron ya nufi gabas, labarin ya saki tarihi ya kama aljannu da ƙasashen almara. Ni a ganina kashin farko ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake kirarin da ke cikin littafin da zafin harshensa ba su da na biyu. Dillalin yau zai tambaya: wannan labarin tarihi ne ko na almara? A kan wane kanta za a ajiye shi? East bai damu da wannan tambaya ba, domin makarantu yake nema wa abin karantawa, ba kantin littattafai ba.

Bayan East, hukumomi ne suka ci gaba da riƙe ƙofar: Kamfanin Gaskiya daga 1945, sai NORLA a shekarun 1950, sai NNPC daga 1966. Gasa ta ci gaba da zama babbar hanyar shiga, kuma ta nan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, marubutan Kano suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta, ya kai maɗaba'a da kuɗinsa, ya ɗora wa 'yan kasuwa, su sayar su biya shi daga baya. A nan ɗan kasuwa ya zama dillali na gaske, shi ne mai cewa a raba littafi kashi biyu ko uku, shi ne mai cewa soyayya ce take tafiya. Labarin tarihi, mai bukatar shekaru ana bincike, bai ji daɗin wannan kasuwa ba. Yanzu da yawancin labaran suka koma WhatsApp da Facebook da YouTube, marubucin da yake son ya kai littafinsa ga kamfanin ɗab'i na waje, ko ya sami mai fassara, dole ya koyi rubuta takardar talla da kansa.

Abin da dillalai suka saba nema abu uku ne: wasiƙa mai shafi ɗaya, da taƙaitaccen labarin daga farko har ƙarshe, da babi uku na farko. Wasiƙar ce take ba Bahaushe wahala, kuma dalilin na al'ada ne. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Saboda haka marubuci yakan cika rabin shafi da gaisuwa da ban haƙuri, ya kira aikinsa ɗan abin da ya sawwaƙa, har shafi ya ƙare bai faɗi labarin ba. Ɗaliban da suka zo daga Turai da Amurka kuwa kuskurensu kishiyar wannan ne: sukan faɗa cikin magana ba sallama, su ce littafinsu ba a taɓa yin irinsa ba. Duka biyun ba su yi ba. Ga misali da na shirya domin wannan darasi, a kan littafin da ba a rubuta ba tukuna:

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gabatar muku da ƙagaggen labarina na tarihi, mai babi ashirin, wanda ya faru a Kano lokacin Yaƙin Basasa. A 1893, da Sarki Muhammadu Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu da magoya bayansa suka fice daga birni zuwa Takai. Wani marini na Ƙofar Mata yana da 'ya'ya biyu maza. Babban ya bi Yusufawa, ƙaramin ya tsaya a cikin ganuwa. Da rundunar Alu ta shigo birni a 1894, sai uban ya ga ba zai iya ɓoye ɗaya ba sai ya tona ɗayan. Na dogara da rubutaccen tarihin Kano da hirar da na yi da dattawan marina. Na haɗo da babi uku na farko, sauran kuma yana nan idan kun bukata. Haza wasalam.

Ɗalibi ya kula da abubuwa biyu na harshe. Na farko, an yi wa edita magana da jam'i, muku da kun, ko da mutum ɗaya ne, domin girmamawa. Na biyu, Ingilishi yakan taƙaita labari da lokaci mai ci, amma Hausa ba ta yin haka. Muna amfani da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato suka fice, aka naɗa, sai uban ya ga, kamar yadda ake ba da kowane labari. Wanda ya rubuta suna ficewa, ana naɗawa, ya fassara ne daga wani harshe, kuma edita zai ji haka tun a layin farko.

Jimlar da ta ambaci madogara ba ado ba ce. Mai karanta labarin tarihi yana neman inda zai kama marubuci. Idan tauraronka na 1893 ya biya kuɗi da sule, ka faɗi, domin da wuri ake ciniki a Kano a lokacin, ana ƙirga shi zambar-zambar, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne. Idan ya hau jirgin ƙasa, ka sake faɗuwa, domin dogo bai iso Kano ba sai 1911.

Akwai kuma wata matsala da dillalin Landan ba lalle ya hango ta ba, amma editan Kano ko Zariya ita zai fara dubawa. Tarihin ƙasar Hausa bai mutu ba. Jikokin Tukur da na Alu suna nan, gidajen sarauta suna nan, kuma akwai iyalan da har yau ba sa son a tuna cewa kakansu bawa ne, ko kuwa shi ne mai kama bayin. Wannan ne ya sa a misalin da na bayar na ɗora nauyin labarin a kan marini da 'ya'yansa, waɗanda na ƙaga, na bar sarakuna a inda tarihi ya ajiye su, ba tare da na sa musu magana a baki ba. Tafawa Ɓalewa ma hanyar da ya bi ke nan: Umar da mahaifiyarsa ƙagaggu ne, amma hanyar ayari da kasuwar bayi da garuruwan da suka ratsa na gaske ne. Yana da kyau marubuci ya faɗi wannan a wasiƙarsa cikin jimla ɗaya, domin ya kwantar wa edita da hankali.

Aiki

1. Taƙaita Ruwan Bagaja cikin jimloli uku, ka yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci na biyu.

2. Bayyana ma'anar waɗannan da Hausa, ka sa kowace cikin jimla: la'ada, ciniki ya faɗa, hannu rabbana, marini, ganuwa, keso.

3. Zaɓi wani abu da ya faru a tarihin ƙasarku kafin 1900, ka ƙagi mutum ɗaya wanda abin ya shafa, ka rubuta wa edita wasiƙar da ba ta wuce kalmomi 150 ba. Gaisuwa kada ta wuce jimla ɗaya.