DARASI: IDAN WUTA TA KAMA DAJI A KAN DUTSE

Darasinmu na wannan fitowa a kan gobarar daji ne. Ku karanta da kyau, in kun koma gida kuma ku karanta wa iyayenku.

Ƙasarmu ta Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, ƙasar duwatsu ce da tuddai. Daga Dabai zuwa Ribah, daga Mahuta zuwa Dirin Daji, da zarar ruwa ya ɗauke sai ciyawa ta bushe ƙarau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. To, a lokacin ne mafarauci ke cinna wa daji wuta don gafiya ko zomo, mai ɗibar zuma ya yar da bakin wuta, wani ya jefar da guntun sigari. Kafin a ankara, dawar da aka tara a gona ta tafi, kaɗanya da ɗorawa sun babbake, dabbobi sun rasa abin kiwo.

1. ABIN DA WUTA KE BUKATA

Abu uku ne: abin da za ta ci, da iska, da zafi. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. A kan dutse ba ruwan da zai isa, ba kuma mai iya tsayar da iska. Saura me? A hana ta abinci.

2. WUTA TA FI GUDU A HAWA

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mutum in zai hau dutse gudunsa raguwa yake yi, amma wuta ƙaruwa nata ke yi. Dalili kuwa, zafi sama yake tashi, sai ya gasa ciyawar da ke bisa tun harshen wutar bai iso ba. Masana a ƙasar Ostireliya sun auna cewa duk lokacin da tsinin hawa ya ƙaru da digiri 10, gudun wuta yakan ninka.

A shekarar 1949, a wani kwari mai suna Mann Gulch a Jihar Montana ta Amurka, wuta ta biyo masu kashe gobara a kan gangaren da ke cike da busasshiyar ciyawa. Suka ruga sama, ta cim masu, mutum 13 suka rasu. Shugabansu ya tsira ne don ya ƙone ciyawar da ke gabansa ya kwanta cikin tokar. Kun ji, inda wuta ta riga ta cinye, nan ne mafaka. Saboda haka kada ka tsaya sama da wuta, kada ka yi tsere da ita zuwa kan dutse. Ka ratse gefe, ka nemi fa, ko hanya, ko rafi.

3. YADDA AKE TSARE TA

Tun ciyawa da sauran ɗanyenta ake nome fili a share shi tas, a kewaye gona da rumbu da bakin gari. Wuta in ta iso ta tarar da ƙasa tsirara, sai ta tsaya. A wurin gangare a ƙara masa faɗi, a kuma kwashe sharar, kada a jibge ta a baki. Ma'aikatan gandun daji kan yi ƙuna da wuri, a farkon rani, da sanyin safiya ko na yamma, don kada ciyawa ta taru ta jira tsananin rani.

In kuwa ta riga ta tashi, manya ne ke fuskantarta, da ɗanyen reshe da fartanya da ƙasa. Ta baya da gefe ake bin ta ana matse ta, ba a tarar gabanta. Akwai kuma dabarar tarar wuta da wuta, amma wannan sai gwanaye waɗanda suka san iska.

4. GADI BAYAN TA LAFA

Nan ne ake yawan sakaci. Harshe ya mutu, kowa ya koma gida, alhali kututture da kogon itace da kashin shanu suna ci a ɓoye, wani har kwanaki. Iska na juyawa sai ta farfaɗo. Dole a zagaya bakin ƙunar, a tone duk abin da ke hayaƙi a binne shi, a bar masu gadi inda za su hango nesa. A yau har daga sama ana sa ido: taurarin ɗan'adam Terra da Aqua, da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 da 2002, sun nuna wa duniya wuraren da daji ke ci. Amma tauraro ba ya binne garwashi, sai mutanen gari.

Ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane su riƙa kashe wuta kafin barci. In haka ne ga wutar murhu, ina ga wadda aka sakar wa daji?

5. AIKINKA, YA KAI ƊALIBI

Kada ka yi wasa da ashana. In ka hango hayaƙi, ka lura da wurin da inda iska ta nufa, ka gaya wa babba ko mai unguwa nan take. Kada ka ce ai ba gonarku ba ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TAMBAYOYI

1. Kawo abubuwa uku da wuta ke bukata.
2. Don me wuta ta fi gudu a hawa?
3. Ina ne mafaka in wuta ta rutsa da mutum?
4. Me ya sa ake gadin ƙuna bayan wuta ta lafa?

A kawo amsa ranar Asabar. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.