Masarar da Ake Nomawa Domin Sinadarinta

Inzayim wani nau'in furotin ne da halittu masu rai ke samarwa, wanda aikinsa shi ne gaggauta sauya wani abu zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mutanen Sokode da Dapaong a ƙasar Togo sun daɗe da sanin aikinsa, domin matan Fulani da ke kawo cukun wagashi kasuwa suna daskarar da madara ne da ruwan tumfafiya, wanda ke ɗauke da inzayim mai kama furotin ɗin madara, haka kuma tsiron dawa da ake sa wa kunu yana narkar da sitaci ya mai da shi suga.

Abin da masana suka ƙara shi ne ɗauko ƙwayar halittar da ke sarrafa wani inzayim daga dabba ko ƙwayar cuta a dasa ta cikin shuka, har gona ta zama wurin samar da shi. Kamfanin ProdiGene na jihar Texas a Amurka ya yi haka da masara domin samar da inzayim ɗin tiripsin, wanda aka saba tatsa daga kayan cikin shanu da aladu, kuma a 2011 hukumomin Amurka suka amince da masarar Enogen ta kamfanin Syngenta mai ɗauke da amilas, inzayim ɗin da ke narkar da sitaci.

Wahalar aikin tana bayan girbi ne. An fi son ƙwayar hatsi a kan ganye saboda furotin yana daɗewa a busasshen iri bai lalace ba, amma sai an niƙa, an ware ɓangaren da sinadarin ya taru, an jiƙa garin cikin ruwan gishiri mai daidaitaccen tsami, an tace, sannan a ratsa ruwan ta bututu mai riƙe inzayim ɗin ya saki sauran furotin. Wannan tacewa ce ke cin kaso mafi girma na kuɗin, kuma tana buƙatar tsabtataccen ruwa da wutar lantarki marar yankewa, abin da ya sa manomi shi kaɗai ba zai ci ribarta ba.

Ga Togo kuwa, babbar barazana ita ce cuɗanyar iri. A 2002 ragowar masarar ProdiGene mai ɗauke da rigakafin cutar aladu ta tsiro cikin gonar waken suya a Nebraska, aka lalata fiye da tan 13,000 na waken. Togo tana cikin manyan masu kai wa Tarayyar Turai waken suyan da aka noma ba tare da takin zamani ba, kuma masu sayensa ba su karɓar irin da aka sauya wa halitta. Dokar ƙasar ta 2009 ta wajabta neman izini kafin shigo da irin wannan iri, sai dai hatsi na ratsa iyakar Cinkassé a buhuna kullum, ana kuma shuka shi daga abin da aka auno a kasuwa.